Sanin Ƙarfin Taya Kafin Yin Lodi: Bayani Ga Masu Motocin A-Kori-Kura Na Yola Da Jimeta

YOLA — Kaso mai yawa na kayan masarufi da ke fita daga kasuwannin Jimeta zuwa garuruwa da ƙauyukan Jihar Adamawa, a bayan ƙananan motocin ɗaukar kaya yake tafiya, watau waɗanda aka fi sani da a-kori-kura. Su ne ke kai siminti da taki da shinkafa da man girki zuwa Girei da Song da Gombi da Hong har Mubi, su kuma dawo da masara da gyaɗa da wake da doya daga yankunan Fufore da Mayo Belwa da Jada da Ganye. Duk wannan dukiya, tare da ran direba da na yaron mota, a kan tayoyi huɗu take zaune, kuma wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba.

Duk da haka, sau da yawa mai mota yakan sayi taya ne bisa abubuwa biyu kurum, watau girmanta da farashinta. Akwai abu na uku da ya fi su muhimmanci ga mai ɗaukar kaya, wanda kamfanin da ya ƙera tayar ya rubuta a gefenta, shi ne iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. Tayoyi biyu suna iya zama girma ɗaya, su hau wili ɗaya, alhali ɗaya ta fi ɗayar ƙarfin ɗaukar kaya da fiye da kilo 100. Wannan bambanci shi ne sau da dama ke raba motar da ta isa Mubi lafiya da wadda ta kwana a gefen hanya.

Yadda Taya Ta Zama Babban Kashi Na Jari

Tun daga shekarun da motocin Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya riƙa fitarwa, suka mamaye hanyoyin Arewa, har zuwa zamanin Toyota Hilux da takwarorinta, a-kori-kura ta kasance jakin ɗan kasuwa. Abin da ya sauya shi ne inda tayarta ke fitowa. A da, ana ƙera tayoyi a cikin Nijeriya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, shi kuma Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, bayan koke-koke game da tsadar wutar lantarki da kuma rage harajin shigo da tayoyi daga waje. Tun daga lokacin kasuwar ta dogara ga tayoyin da ake shigowa da su, galibi daga ƙasashen Asiya, musamman ƙasar Sin.

Ma'anar wannan ga ɗan kasuwar Jimeta ita ce, farashin taya yana bin farashin dala, sa'an nan a ɗora masa kuɗin dakonta na fiye da kilomita 1,000 daga tashar jiragen ruwa ta Legas. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayu, 2023, da sakin darajar naira ga kasuwa a watan Yuni na wannan shekara, sun ƙara wa abubuwan biyu nauyi. Saboda haka sayen taya huɗu a yau shawara ce ta zuba jari, wadda ta cancanci a yi mata lissafi kamar yadda ake yi wa sayen kayan shago.

Karanta Rubutun Da Ke Gefen Taya

Kowace taya ta gaskiya tana ɗauke da jerin lambobi da haruffa. A ɗauki misalin wadda aka rubuta wa 205R16C 110/108R, wadda ake yawan gani a ƙarƙashin Hilux. Lamba 205 faɗin tayar ne da milimita. Harafin R na farko yana nuna irin saƙar da ke cikinta, watau radiyal, wadda ita ce ta zamani. Lamba 16 girman wilin da za ta hau ne da inci. Harafin C kuwa shaida ce cewa an yi ta ne domin motar kasuwanci mai ɗaukar kaya. A wasu tayoyin, kamar 265/65R17, akan ga lamba ta biyu bayan ta faɗi, wadda ke nuna tsawon gefen tayar, watau kashi 65 cikin 100 na faɗinta.

Lambobin da ke biye, 110/108, su ne lambar nauyi. Ba kilo ba ne kai tsaye. Alama ce da ake dubawa a wani jadawali da masu ƙera taya na duniya suka amince da shi. Ga waɗanda suka fi shafar ƙananan motocin kaya: lamba 96 tana nufin kilo 710, lamba 100, kilo 800, lamba 102, kilo 850, lamba 104, kilo 900, lamba 106, kilo 950, lamba 108, kilo 1,000, lamba 110, kilo 1,060, lamba 112, kilo 1,120, lamba 116, kilo 1,250, lamba 120 kuwa kilo 1,400. Wannan nauyi na taya guda ne. A lura cewa ƙarin lamba biyu kacal yana daidai da kimanin buhun siminti guda a kan kowace taya.

Dalilin da ya sa ake rubuta lamba biyu a kan tayar kaya shi ne, ta farko tana aiki ne idan tayar ita kaɗai ce a ƙafarta, ta biyu kuwa idan an jera su biyu-biyu kamar yadda ake yi a bayan manyan motoci. Ana rage ta biyun ne domin tayoyin da ke jere ba su raba nauyi daidai, musamman a kan hanyar da ba ta da shimfiɗa ɗaya. Yawancin a-kori-kura taya ɗai-ɗai gare su a baya, don haka lambar farko ce ta shafe su.

Harafin ƙarshe shi ne harafin gudu, wanda ke nuna iyakar gudun da tayar za ta jure tana ɗauke da cikakken nauyinta. Harafin L yana nufin kilomita 120 a sa'a guda, N 140, Q 160, R 170, S 180, T kuwa 190. Babu mai hankalin da zai kai wannan gudu da lodi a kan hanyar Numan, amma harafin yana da amfani ta wata fuska, domin yana nuna yadda tayar ke jure zafin da gudu ke haifarwa. Har ila yau, a kusa da bakin wili, akan sami ƙananan rubutu da ke faɗin iyakar nauyin da kilo a fili, tare da yawan iskar da ake bukata kafin tayar ta iya ɗaukarsa. Wanda bai riƙe jadawalin a ka ba, wannan rubutu ya ishe shi.

Tayar Fasinja Da Tayar Kaya

Tayoyin da ke hawa wilin a-kori-kura iri biyu ne. Akwai na motocin fasinja, waɗanda wani lokaci akan fara lambarsu da harafin P, ko kuma a bar su ba harafi. Akwai kuma na kaya, masu harafin C a ƙarshen lambar girma bisa tsarin Turai, ko haruffan LT bisa tsarin Amurka. Na kaya sun fi kaurin gefe da ƙarfin saƙa, suna kuma ɗaukar iska mai yawa. Na fasinja sun fi taushin tafiya, sau da yawa kuma sun fi araha, abin da ke jan hankalin mai saye.

Akwai wata ƙa'ida da ake bi a Amurka wadda ta dace kowane mai a-kori-kura ya sani. Idan aka ɗaura tayar fasinja a kan motar kaya, sai a raba nauyin da aka rubuta mata da 1.1, watau a rage kusan kashi 9 cikin 100, domin motar kaya ta fi tsayi, ta fi jingina a kwana, ta kuma fi daɗewa a ƙarƙashin cikakken lodi. Bisa wannan ƙa'ida, tayar fasinja mai lamba 104 ba kilo 900 za a lissafa mata ba, kilo 818 ne.

Masu sayar da taya sun fi amfani da kalmar filai, su ce wannan mai filai shida ce, waccan mai takwas. Asalin kalmar daga zamanin da ake saƙa cikin taya da shimfiɗun zaren auduga ne, inda yawan shimfiɗun ke nuna ƙarfinta. Tayoyin yau da wayar ƙarfe da zaren roba ake yin su, kuma wadda aka rubuta wa 8PR ba lalle ne a sami shimfiɗa takwas a cikinta ba. Ana nufin ƙarfinta ya yi daidai da na mai takwas ta dā. A tsarin LT, mai filai 6 takan ɗauki iska har PSI 50 a geji, mai 8 har 65, mai 10 kuwa har 80. Filai yana ba da haske, amma lambar nauyi ce ke faɗin kilo, don haka ita ce abin dogaro wajen ciniki.

Lissafin Da Ya Kamata A Yi

Mafarin lissafi shi ne motar kanta. A ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin gidan inji, akwai ɗan allon ƙarfe ko takarda da ke nuna iyakar nauyin motar gaba ɗaya tare da kayanta, da iyakar nauyin ƙafafun gaba, da na ƙafafun baya. Akwai kuma takardar da ke faɗin girman tayar da kamfani ya tsara wa motar, da lambar nauyinta, da iskar da ta dace. Ƙa'ida ta farko ita ce kada a sayi taya mai lambar nauyi ƙasa da wadda ke rubuce a nan. Daidai da ita ko sama da ita ya halatta.

Domin sauƙin fahimta, a ɗauka akwai motar da nauyinta ba kaya kilo 1,900 ne, iyakarta gaba ɗaya kilo 2,900, iyakar ƙafafun bayanta kuma kilo 1,800. Abin da za ta iya ɗauka ke nan kilo 1,000, watau tan guda, wanda shi ne kimanin ƙarfin yawancin motocin wannan aji. Amma cikin tan ɗin nan har da mutanen da ke ciki. Idan aka cire kilo 140 na direba da yaron mota, da kilo 40 na jak da kayan aiki da jarkar mai, saura kilo 820. Wannan shi ne buhu 16 na siminti ko taki ko shinkafa mai kilo 50, ko buhu 8 na masara mai kimanin kilo 100. Duro huɗu na ruwa masu lita 200 sun riga sun kai iyakar, domin kowace lita ta ruwa kilo guda ce.

Daga nan sai a raba iyakar ƙafafun baya gida biyu. Kilo 1,800 ya zama 900 a kan kowace taya, watau lamba 104 ita ce mafi ƙarancin abin da za a karɓa, idan tayar kaya ce. Idan ta fasinja ce mai wannan lamba, biyun za su ɗauki kilo 1,636 ne kawai, an sami giɓin kilo 164, fiye da buhun siminti uku, tun kafin a yi lodin da ya wuce ƙa'ida. Mai son ya yi amfani da tayar fasinja a wannan mota sai ya nemi mai lamba 108 ko sama. Mai hangen nesa kuwa zai nemi ta kaya mai lamba 106 ko 110, domin ya bar wa kansa rarar da za ta shanye ramuka da zafi da kuskuren awo.

Yanzu a duba abin da ke faruwa idan aka ɗora wa wannan mota buhu 30 na siminti, kamar yadda akan yi domin a rage yawan sawu. Nauyin kayan kilo 1,500 ne, kuma kusan dukkansa a kan ƙafafun baya yake sauka, domin akwatin kayan a bisansu yake. Idan bayan motar ba kaya yana da kilo 800, aka ƙara masa kimanin 1,400, ya zama 2,200, watau kilo 1,100 a kan kowace taya. Mai lamba 106 ta ɗauki ƙarin kilo 150 bisa iyakarta, kusan kashi 16 cikin 100. Ko mai lamba 110 ma an wuce iyakarta da kilo 40. Idan kuma lodin ya karkata gefe guda, ko aka tara shi can ƙarshen akwati har ya zarce ƙofar baya, taya ɗaya za ta ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake so a jera kaya masu nauyi kusa da kan mota, a tsakiya, a ƙasa, sa'an nan marasa nauyi su biyo baya.

Wajibi ne a fahimci cewa taya mai ƙarfi ba ta ƙara wa mota ƙarfi. Wanda ya ɗaura mai lamba 120 a kan motar tan guda, motarsa tana nan a tan guda, domin sifirin da birki da shasi da ƙarfen ƙafafu duk suna da tasu iyakar. A misalin da ya gabata, an wuce iyakar ƙafafun baya da kilo 400 ko da wace irin taya aka ɗaura. Matsalar sai ta tashi daga taya ta koma karyewar sifirin, ko birkin da ya kasa tsayar da mota a gangare. Kazalika, taya mai filai 10 a kan ƙaramar motar da ba ta bukatarta tana ƙara nauyi da shan mai da tsallen mota idan babu kaya, ga kuma kuɗin da aka kashe a banza.

Iska Ce Ke Ɗaukar Kaya

Roba da wayar da ke jikin taya mazubi ne kawai. Iskar da ke ciki ita ce ke riƙe nauyi. Lambar nauyi tana aiki ne idan an cika iskar da aka tsara mata. Tayar 195R14C mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950 ne a kan PSI 65. Idan mai faci ya tsayar da ita a 40, kamar yadda ya saba yi wa ƙananan motoci, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi. Mai motar ya biya kuɗin taya mai filai takwas, amma yana tafiya a kan ƙarfin da bai kai na tayar fasinja mai kyau ba.

Takardar da ke ƙofar direba takan ba da awo biyu, na mota ba kaya da na mota da cikakken lodi, kuma na ƙafafun baya yakan fi na gaba idan akwai kaya. Wannan shi ne abin bi, ba tare da an wuce iyakar da ke rubuce a jikin tayar ba. Wanda ya sauya daga tayar fasinja zuwa ta kaya ya sani cewa sabuwar tana bukatar iska fiye da tsohuwar kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, ya kuma tabbata wilinsa da bawul ɗinsa suna iya riƙe wannan iska.

Da safe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya, lokacin da tayar ke da sanyi. Bayan tafiya mai nisa geji zai nuna ƙari, domin iska tana kumbura da zafi, kuma an riga an yi lissafin wannan ƙari wajen ƙera tayar. Al'adar sace iska a tsakiyar tafiya wai don kada taya ta fashe, akasin abin da ake nufi take haifarwa: tayar da iskarta ta ragu takan ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Tun da kowace taya tana rage iska a hankali ko ba ta da huji, kuma gejin masu faci ba duka ke faɗin gaskiya ba, ƙaramin geji na aljihu yana daga cikin kayan aiki mafi araha da mai mota zai mallaka.

Zafin Adamawa Da Halin Hanyoyi

Yola tana cikin kwarin kogin Binuwai, kuma tana daga cikin birane mafi zafi a Nijeriya. A watannin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi iska zafi ƙwarai. Babban abokin gabar taya shi ne zafi. Duk juyin da ta yi, gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe, wannan motsi kuma yana haifar da zafi a cikinta. Nauyi mai yawa, da ƙarancin iska, da gudu, kowannensu yana ƙara wannan zafi. Idan suka haɗu da kwaltar bazara a tafiyar kimanin kilomita 200 daga Jimeta zuwa Mubi, roba takan fara rabuwa da wayar da ke ƙarƙashinta, daga nan sai fashewa ko kwarewar bayan tayar baki ɗaya.

Duniya ta ga misalin wannan a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa a Amurka bayan haɗurran da suka shafi motocin Ford Explorer. Yawancin haɗurran a yankuna masu zafi suka auku, kuma ƙarancin iska yana cikin dalilan da aka yi ta muhawara a kansu. Sakamakon haka majalisar dokokin ƙasar ta yi sabuwar doka a wannan shekara, wadda ta kai ga tilasta sanya na'urar gargaɗin raguwar iska a sababbin ƙananan motoci daga 2007.

Da damina kuwa matsalar takan sauya kama. Ruwa yana ɓoye ramuka, hanyoyin ƙasa da ke shiga ƙauyukan Fufore da Ganye su zama laka, ambaliya irin ta 2012 da ta 2022 kuma ta lalata wasu sassan hanya. Taya mai lodi da ta faɗa rami da gudu takan tsinke zaren gefenta, sai a ga ƙulli ya fito kamar ƙwai. Irin wannan taya ba ta gyaruwa, kuma faci a gefen taya ba abin dogaro ba ne ga motar kaya. Wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, mai ƙananan zane ta fi masa daɗewa da sauƙin mai. Wanda ke haɗa kwalta da hanyar ƙasa ya nemi mai matsakaicin zane, wadda akan rubuta wa A/T. Ko wace ce aka zaɓa, tayoyi biyu da ke ƙafa ɗaya su kasance iri ɗaya a girma da lambar nauyi da zane, safaya ma ta kasance mai iya ɗaukar lodin, domin ranar da za a bukace ta motar tana ɗauke da kaya ne.

Shekarun Taya Da Batun Gwanjo

Lambar nauyi alkawari ne game da sabuwar taya. Roba tana tsufa ko ba a yi amfani da ita ba, zafi da hasken rana kuma suna gaggauta tsufan. A ƙarshen jerin rubutun da ya fara da haruffan DOT akwai lamba huɗu da ke nuna lokacin ƙira: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2423, an yi tayar a mako na 24 na shekarar 2023, watau tsakiyar watan Yuni. Wadda ke da lamba uku kawai, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa shekara huɗu daga ranar ƙira shi ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuwa yana ba da shawarar a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, kada kuma a bar ta ta wuce goma. A yanayi irin na Adamawa, kusantar wa'adi mafi gajarta ya fi zama hikima.

Tayoyin gwanjo na ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su, amma hakan bai hana ganinsu a kasuwa ba. Yawancinsu na motocin fasinja ne daga ƙasashe masu sanyi, wasu ma domin ƙanƙara aka yi su, da roba mai taushi da ba ta jure kwalta mai zafi. Akan cusa su cikin juna wajen jigila domin rage wuri, abin da ke iya lahanta wayar bakinsu. Mai saye yana ganin zane mai zurfi da baƙin da aka goge ya yi sheƙi, alhali kallon kitse yake yi wa rogo. Ko a sababbi ma akwai marasa inganci, waɗanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ke kamawa lokaci-lokaci. Tayar da rubutunta ya dushe, ko aka kankare kwanan watanta, ko aka rasa lambar nauyi a jikinta, barinta ya fi.

Game da zurfin zane, akwai 'yan ƙananan tudu a cikin ramukan zanen kowace taya, masu tsawon milimita 1.6. Idan bayan tayar ya cinye har ya yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Tuƙi da tayar da ta cinye, da tafiya ba safaya, da lodin da ya wuce kima, duk laifuffuka ne da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kansu.

Inda Riba Take

Hanyar da ta dace a kwatanta farashin taya ita ce a raba kuɗinta da yawan kilomitar da za ta yi. Domin misali kawai, a ɗauka sabuwar tayar kaya mai lambar da ta dace ta kai naira 120,000, ta kuma yi kilomita 40,000. Kowace kilomita ta tashi a naira 3. A ɗauka ta gwanjo naira 45,000 ce, ta yi kilomita 10,000. Kowace kilomita ta tashi a naira 4 da kwabo 50. A taya huɗu, naira 12 ke nan da naira 18. Motar da ke zuwa Mubi ta dawo sau biyu a mako tana cin kimanin kilomita 3,000 a wata, don haka bambancin ya kai naira 18,000 a wata, ko naira 216,000 a shekara. Kowane mai mota yana iya sa nasa farashin da nasa kilomitar a wannan lissafi, muddin yana rubuta ranar da ya ɗaura taya da abin da agogon motar ya nuna.

Wannan lissafi bai haɗa da asarar da ba a shirya mata ba: ranar kasuwar Ngurore ko ta Mubi da aka rasa saboda mota ta tsaya, tumatir ko kifin da ya lalace a rana, kuɗin sauke kaya a loda wa wata motar, wilin da ya lanƙwashe, balle jinya ko rasa rai. Haka nan ribar da ake hange a ƙarin buhu 14 na sawu guda, ana biyanta daga baya a wurin mai taya da bakanike. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.

Ga kamfanoni da 'yan kwangila da ƙungiyoyin da ke da motoci da yawa, abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta cikakken bayanin taya a takardar oda, watau girma da harafin C ko LT da lambar nauyi da harafin gudu da mafi tsufan kwanan watan da za a karɓa, a kuma bukaci rasiɗin da ya ambaci waɗannan. Ga mai mota guda da ya ba direba amana kuwa, ya kyautu ya je da kansa ranar sayen taya, ya karanta allon ƙofar motarsa, ya raba nauyin ƙafafun baya gida biyu, ya duba gefen tayar kafin a ɗaura, sa'an nan ya yanke wa direban yawan buhunan da ba za a wuce ba na kowane irin kaya.